Raha A Ƙofar Kamfani: Nazarin Yadda Ma'aikatan Kano Su Ke Tuna Labarun 1980 Zuwa 1989

I

Abin da a ke nufi da wannan takarda shi ne a duba wani ƙaramin reshe na adabin baka, watau hirar raha da tsofaffin ma'aikatan kamfanonin Kano su ke yi game da al'amuran da suka auku tsakanin 1980 da 1989. Wannan hira ba ta da littafi, ba ta da mawallafi. Inda a ke jinta shi ne teburin mai shayi a Dakata ko Gwagwarwa ko Tudun Murtala, da dakalin ƙofar gida a Ja'en ko Panshekara, watau unguwannin da su ke kewaye da Bompai da Sharaɗa da Challawa. Masu yinta dattawa ne yanzu, waɗanda jiniyar kamfani ta ke kira aiki sa'ad da su ke samari. Masu sauraro kuwa yawanci 'ya'yansu ne da jikoki, waɗanda suka tashi suka tarar da ƙofofi da yawa na waɗannan kamfanoni a garƙame.

Abin da za a nuna shi ne, hirar nan shaida ce mai daraja, gama ta adana abubuwan da jaridun zamanin ba su iya bugawa ba. Amma fa shaida ce mai ido ɗaya. Ta riƙe duk abin da ya ke da fuska da murya da bulala, ta saki abin da ya raba masu hirar da aikinsu. Wanda ya ɗauke ta a kan tarihi ba tare da awo ba, zai fito da dariya mai yawa da sani kaɗan.

II

Ya kamata a fara da wurin. Bompai ce babbar yaya, gama tun zamanin Turawa aka ware ta a gabashin birni domin masana'antu, kusa da hanyar jirgin ƙasa. Can aka yi injinan matsar man gyaɗa, da masaƙu, da wurin harhaɗa keken Raleigh a titin Mai Malari. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo, sai aka buɗe Sharaɗa a kudu da birni, kashi na ɗaya da na biyu da na uku, sa'an nan Challawa ta wajen Panshekara, kusa da kogin da garin ya ke sha. A waɗannan wurare aka yi ta yin yadi, da takalman roba, da alewa, da sabulu, da turare, da kwanon sha, da lemon kwalba, ga kuma manyan majemu masu gyaran fatu da ƙiraga domin kai wa Turai.

Su wane ne ma'aikatan? Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kamfanonin Kano a farkon shekarun 1970, ya kuma buga littafinsa a 1986, ya nuna da yawa daga cikinsu mutanen karkara ne da suka biyo hanyar almajirci da cin rani, suka zama gardawa, daga nan suka shiga aikin lebura. Wannan yana da muhimmanci ga mai nazarin adabi. Mutumin da ya tashi a tsangaya ya zo da kunnen haddace magana, da sabon zaman hira bayan sallar lisha, da gwanintar ba'a irin ta gardawa. Da wannan guzuri ya karɓi labarun rediyo, ya juya su yadda ya ga dama.

III

Tuna wahala da raha ba baƙon abu ba ne wurin Bahaushe. Tun da can ya kan raɗa wa shekarar tsanani suna, kamar yadda aka kira yunwar 1913 zuwa 1914 da sunan Kakalaba, har sunan ya zama ma'aunin shekarun haihuwa. A rubutaccen adabi ma haka abin ya ke. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, duk labarin dattijo ne da ya ke waiwayen wuyar da ya sha a yawon duniya, yana ba da ita da dariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya cikin Janairu 1939, sunanta kansa wasa ne da kuɗin da a ke sayenta. Aliyu Namangi ya yi wa keke waƙa ta ban dariya, Ɗan Maraya Jos ya yi wa karen mota. Ga 'yan kama, ga wasannin tashe, ga barkwancin da ke tsakanin Kanawa da Zagezagi. Duk cikin wannan gida hirar ma'aikata ta fito.

Amma akwai wani dalili na musamman da ya sa rahar waɗannan shekaru ta tsaya a baka. Da yawa daga jaridun Hausa na lokacin na hukuma ne. Gaskiya tana ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Gwamnatin Tarayya, Albishir kuwa ta kamfanin Triumph ce, wanda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa. Gidajen rediyo da talabijin duk na gwamnati ne. A 1984 aka yi Doka ta 4, wadda aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian da ita, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda guda. Wasannin kwaikwayo irin su Samanja na Usman Baba Pategi, da na Ƙasimu Yero, da Kuliya Manta Sabo, sun ba mutane dariya ƙwarai, amma ba su da ikon su ambaci mai mulki. To, abin da alƙalami ya ji tsoro, sai harshe ya ɗauka ya kai teburin mai shayi.

IV

Ana iya kasa wannan hira kashi huɗu.

Na farko shi ne laƙabi, shi ne kuma mafi ƙwari. Sa'ad da jam'iyyar PRP ta rabe a 1980, aka kira waɗanda suka tsaya tare da Malam Aminu Kano 'yan taɓo, aka kira ɓangaren gwamnoni, Rimi da Balarabe Musa, 'yan santsi. Kalmomi biyu ke nan daga hanyar damina: ɗaya ya kafe bai motsa ba, ɗaya ƙafa ta kwashe shi. Ko wane ɓangare yana iya ɗaukar sunansa a kan yabo, abokin gaba kuma ya faɗe shi a kan zambo, wannan ne ya sa sunayen suka zauna. Yunwar 1984, wadda ta haɗu da rufe iyakokin ƙasa, mutanen bakin iyaka da na Nijar suka sa mata sunan Buhari, suka mai da ita 'yarsa. Babangida kuwa aka ce masa Maradona, sabo da iya yanka da kauce wa alkawari. Babu wani sharhi mai tsawo da ya kai waɗannan sunaye kaifi.

Na biyu shi ne labarin wautar babba, gwarzonsa kuwa Alhaji Sabo Bakin Zuwo, wanda ya yi gwamnan Kano wata uku kacal, daga Oktoba zuwa ƙarshen Disamba 1983. Sanannen labarin da a ke jingina masa shi ne, wai an tambaye shi da Turanci irin ma'adinan da Kano ta ke da su, sai ya shiga lissafa Fanta da Coke da Mirinda, domin kalmar da Bature ya ke kiran ma'adinai da ita, ita ce 'yan Nijeriya su ke kiran lemon kwalba da ita. Mai nazari ya lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, wannan ba'a ba a ƙofar kamfani aka ƙera ta ba, gama sai mai jin Turanci ya ke gane ta. Dariyar 'yan boko ce ga wanda bai yi boko mai zurfi ba, lebura kuwa da ya ɗauka yana maimaitawa, bai sani ba da shi a ke. Na biyu, zamani ya juya labarin. Arzikin Kano dai ba a rami ya ke ba, a hannun masu sana'a da 'yan kasuwa ya ke, kamfanin lemo na Challawa kuwa ya ga bayan masaƙu da dama. Amsar da aka yi wa dariya ta fi kusa da gaskiyar garin bisa ga yadda masu dariyar suka zata. Har wa yau labarin ya danne wani abu da mutumin ya yi a 'yan kwanakinsa, watau rufe siliman Palace da mai da shi asibiti.

Na uku shi ne labarin layi da bulala, shi ne kuma ya fi ko wanne yawa. Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a cikin Maris 1984. Daga nan aka sami labarin akawun da ya makara aka sa shi tsallen kwaɗo da babbar riga, da na wanda ya ga layi ya shiga, sai da ya kai gaba ya tambayi abin da a ke sayarwa, da na ɗan kasuwar da soja suka fasa masa sito suka sayar da madara da sukari a kan farashin hukuma. A ƙarshen Afrilu na wannan shekara aka yi canjin kuɗi, aka sauya launin takardun Naira, aka ba mutane abin da bai kai mako biyu ba su kai tsofaffin banki. Wannan ya haifi labarin marowacin da aka tarar da dukiyarsa cikin tulu ko matashin kai bayan wa'adi ya wuce. Ginin waɗannan labaru iri ɗaya ne da na tatsuniya: mai girman kai ya faɗi, marowaci ya yi hasara, mai wayo ya faɗa ramin da ya haƙa. Da aka sake canjin kuɗi a ƙarshen 2022 da farkon 2023, a ƙarƙashin Buharin nan dai, sai tsofaffin labarun suka farfaɗo, matasa suka ga ashe dattawa ba ƙari su ke yi ba.

Na huɗu shi ne lissafin farashi. Dattijo ya kan faɗi albashinsa na wata, yara su fashe da dariya, sa'an nan ya lissafa abin da ya ke saye da shi, dariyar ta koma shiru. Wannan kashi shi ne ya fi kusa da tarihi, domin ana iya auna shi. A 1980 gwamnatin Rimi ta mai da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata, tun kafin Tarayya ta bi sawu a 1981. A 1981 ɗin, bayan yajin aikin gama gari da ƙungiyar ƙwadago ta yi a ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka yanke mafi ƙarancin albashi Naira 125 a wata. A lokacin Naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi, watau kuɗin ya kai wajen dala 200. Naira 70,000 da aka yanke a 2024 ba ta kai dala 50 ba a ranar da aka sa hannu. Ashe wanda a ke yi wa dariya shi ya fi masu dariyar albashi.

V

Yanzu sai a zo ga aibin. In mutum ya saurari hirar nan dare goma, zai fita da zaton cewa babban abin da ya sami ma'aikacin Kano a waɗannan shekaru shi ne bulalar soja. Alhali kuwa mulkin bulalar wata ashirin ya yi, ya ƙare ran 27 ga Agusta 1985. Abin da ya taɓa tukunyar ma'aikaci ya fara kafin wannan, ya kuma daɗe bayansa.

Kamfanonin Bompai da Sharaɗa da Challawa yawancinsu an gina su ne bisa kayan waje: injin daga waje, kayan gyaransa daga waje, rini da sinadari da ɗanyar roba daga waje. Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta yi dokar tsuke bakin aljihu cikin Afrilu 1982, shigo da kaya ya koma sai da lasin. Kamfanin da bai sami lasin ba sai ya rage kwanakin aiki, ya soke aikin dare, ya sallami mutane. A 1986 Babangida ya kawo shirin gyaran tattalin arziki irin wanda Bankin Duniya da Asusun Ba Da Lamuni su ke so, cikin Satumba aka fara gwanjon kuɗin waje. Naira da ta ke kafaɗa da kafaɗa da dala a 1985, a 1987 sai an ba da wajen huɗu a karɓi dala guda, a 1989 fiye da bakwai. Mafi ƙarancin albashi kuwa yana nan a Naira 125 har 1991, watau ya zube daga wajen dala 200 zuwa ƙasa da 20, ba tare da an ɗaga wa kowa bulala ba. Ba a ce duk kamfanonin a nan suka mutu ba. Waɗansu masaƙu sun ɗan farfaɗo, kamar yadda Gunilla Andrae da Björn Beckman suka nuna a littafinsu na 1998 game da ƙungiyar ma'aikatan masaƙa. Amma da aka ɗage hanin shigo da yadi a 1997, ga rashin wutar lantarki, ga tsadar baƙin mai, ga yadin Sin ya cika Kantin Kwari, sai ciwon da ya kama tun 1982 ya kai da yawansu ƙasa.

Me ya sa raha ta yi shiru a nan? Domin raha tana bukatar jiki. Tana son mutum mai tumbi yana tsallen kwaɗo, tana son soja mai gashin baki, tana son tulu cike da matattun kuɗi. Gwanjon dala ba shi da fuska, lasin shigo da kaya ba ya tsalle, takardar sallama kuwa a ofis a ke miƙa ta, mutum ya ninke ya sa aljihu ya tafi gida shi kaɗai. Iyakar abin da raha ta iya kamawa daga wannan babbar masifa shi ne wutar lantarki, domin ɗaukewarta kowa yana gani lokaci guda, shi ya sa NEPA ta sha zambo har 'yan boko suka sake wa harufanta ma'ana. Haka kuma ba a cika jin rafin Getsi da ya kwashi dattin Bompai zuwa Jakara ba, ko Salanta da ta kwashi na Sharaɗa zuwa Challawa, ko da ya ke masu lambu sun yi shekaru suna ban ruwa da su. Wari ba ya ba da dariya in an daɗe ana shaƙarsa.

Akwai kuma wani abu da ya fi wannan zurfi. Bulalar 1984 ta faɗa kan akawu da ɗan kasuwa, mutanen da lebura ya saba ganinsu a samansa, don haka tunawa da ita akwai daɗi. Sallama kuwa a kansa ta faɗa, ta kuma zo da kunyar kasa ciyar da gida. Bahaushe ya kan ce wanda ya sha wuya shi ya san ta, amma ba ko wace wuya ce a ke kai wa dandali ba. Sabo da haka shekarun tsanani suka koma shekarun ɗa'a a bakin masu hira, wannan kuwa ba ƙaramin tasiri ya yi ba ga yadda Kanawa suka dubi Buhari sa'ad da ya shiga neman ƙuri'a daga 2003.

VI

Wani abin lura shi ne, a cikin Sharaɗa ɗin nan aka sami magajin wannan hira. Dokar 1992 ta ba da damar kafa gidajen rediyo masu zaman kansu, a ƙarshen 2003 kuma Freedom Radio ta fara watsa shiri daga Sharaɗa. Cikin shirye-shiryenta wanda ya fi suna a wannan fanni shi ne In Da Ranka, wanda Nasiru Salisu Zango ya daɗe yana gabatarwa, sunansa kuwa rabin karin maganar nan ne mai cewa in da ranka ka sha kallo. Shirin ya ɗauko labarun kotu da kasuwa da unguwa, na aure da bashi da sata da koke ga hukuma, ya sa su cikin harshen hira mai karin magana, ya kuma bar masu abin su yi magana da bakinsu.

Alherin wannan salo a fili ya ke. Ya kai muryar talaka inda a da sai ta mai mulki, ya kuma nuna Hausar titi tana iya ɗaukar labari ba sai an fassaro shi daga Turanci ba. Amma haɗarin da ke bin irin wannan salo, a ko wane gidan rediyo, shi ne wanda aka riga aka nuna. Ɓarawon akuya yana da murya, ana iya ɗaukarta a sa wa jama'a su yi dariya. Injin da aka kashe a bayan katangar maƙwabta ba shi da ita. In ba a yi hattara ba, wanda zai waiwayi wannan zamani nan gaba zai tarar da tulin labarun ƙananan masu laifi, ya rasa labarin abin da ya mai da 'ya'yan masu aikin masaƙa 'yan acaɓa da direbobin a daidaita sahu.

VII

Ma'aunin da ya dace a auna irin wannan raha da shi tambayoyi biyu ne: wa a ke yi wa dariya, me kuma aka tsallake kafin a kai ga dariyar? Laƙabin santsi da taɓo ya ci wannan awo, domin ya dubi masu iko ya faɗi gaskiyarsu cikin kalma guda. Lissafin farashi ya ci, domin dariyarsa tana kai mai sauraro ga tambaya. Labarin Bakin Zuwo sai an juya shi kafin ya ba da amfani. Labarin bulala kuwa, duk da daɗinsa, shi ya fi bukatar a sa masa ido.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai aiki a nan wanda ba ya jira. Wanda ya shiga kamfani yana ɗan shekara ashirin a 1980 ya haura sittin yanzu. Ya kamata a tura ɗalibai unguwannin nan su ɗauki hirar yadda ta ke, da dariyarta da rantsuwarta, kada su gyara Hausar. Sa'an nan su gwada ko wane labari da abin da Gaskiya da Albishir suka buga a wannan mako, inda aka sami tsofaffin kofe. Bayan dattijo ya gama ba da na tsallen kwaɗo, ɗalibi ya dakata har dariya ta lafa, kana ya tambaye shi sunan sashen da ya yi aiki, da wanda ya ke heluma a kansu, da shekarar da aka soke aikin dare, da abin da aka ba shi ran da aka sallame shi. Waɗannan amsoshi ba za su zo da sauƙi ba, ɗalibin da ya yi gaggawa kuwa ba zai same su ba.